Gaisuwar da Aka Yi wa Alhaji Ilu a Kara

Ɗaliban jinya da ake turo mana koyon aiki kusan duk da tunani ɗaya suke zuwa, wai sashenmu wurin hutu ne. Babu karɓar haihuwa, babu ɗinki, babu jini, sai miƙa ƙwaya da tsira allura. Wata daga cikinsu ta taɓa gaya mini, cikin ladabi kuwa, cewa ita ta roƙi a turo ta nan don ta samu sararin karatun jarrabawa. Ban yi mata faɗa ba, domin ni ma lokacin da na ƙaro karatun jinyar masu taɓin hankali na dawo gida, abin da na ɗauka bai fi nata da yawa ba. Abin da zan rubuta a nan ba darasi ba ne, kuma ban ce haka ake yi a ko'ina ba. Abin da na gani ne a wani ƙaramin sashe a ƙasar Daura, 'yan ɗakuna da rumfar kwano, inda likita yake zuwa daga Katsina ranar duba marasa lafiya, sauran kwanakin kuwa mu ne. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Mutumin da na fara gani ni kaɗai wani manomi ne daga wajen Baure. Na zaunar da shi a kujerar da ke ƙuryar ɗaki, ni kuma na ja tawa na zauna ta bakin ƙofa, na fara jero tambayoyin da aka koya mana. Bai amsa ko ɗaya ba. Sai gumi yake yi yana kallon bayana. Sista Hajara, wadda ita ce babba a sashen, ta leƙo. Ta ce da shi, "Malam, taso ka dawo nan, ya fi iska." Ta mayar da shi kusa da ƙofa, ni ta tura ni ciki. Kafin wani lokaci mutumin ya fara ba ni labarin gonarsa da yadda barci ya ƙaurace masa tun girbi. Bayan ya fita ta ce, "Nasiru, mutumin da aka kawo shi da ƙarfi, kada ka sake tsaya tsakaninsa da ƙofa." A hannunta na koyi aikin, da kaɗan-kaɗan, yawanci a irin wannan gajeriyar magana.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Sirinji da allura, auduga da sufirit, abin awon jini, sikeli, labule mai kauri, da tulun ruwa a rumfa, domin maganin yana busar da baki. Farar riga muna da ita amma a ƙusa take kwana, saboda wasu da sun gan ta sai jikinsu ya ɗau rawa. Abin da ya fi wuya ba a ajiye shi a kabad. Sai ka iya tambayar mutum barcinsa da cin abincinsa kafin ka kai ga ko yana jin muryoyi. Sai ka saurari ɗan rakiya daban, majinyaci daban, don ba kullum labarinsu yake zama ɗaya ba. Idan uwa ta ce ana yi wa ɗanta rubutu a gida, ba ka musu da ita, sai ka ce a ci gaba, amma a haɗa da ƙwayar dare. Da damina manoma kan yar da magani don yana kashe musu jiki a gona, sai a zauna da likita a rage ko a sauya lokacin sha. Da azumi ma haka. Mai yiwuwa a manyan asibitoci akwai tsarin da ya fi wannan, ni dai shi na tarar.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ɗalibai suke jin ta kamar rashin tarbiyya. Idan muka haɗu da majinyacinmu a kasuwa, ko a masallaci, ko a wajen ɗaurin aure, ba ma gaishe shi sai in shi ya fara. A garin da yaro yake shan faɗa don ya wuce babba bai gaishe shi ba, wannan abu ne mai nauyi. Na sha wuce dattijon da ya isa ya haife ni kamar ban taɓa ganinsa ba. Amma kowa a yankin ya san inda nake aiki. In na tsaya na ce wa mutum "ya jiki", na gama faɗa wa duk wanda ke wurin abin da iyalinsa suka yi shekaru suna rufewa.

Alhaji Ilu yana cikin waɗanda na fi daɗewa ina yi wa allurar wata-wata. Dillalin shanu ne a karar Mai'adua, dogo, mai fara'a, kullum cikin farar riga da hula a karye gefe guda. Ciwon ya same shi tun yana saurayi, ya lafa da magani, ya yi aure ya hayayyafa, kuma ban da matarsa da ƙaninsa ba na jin akwai wanda ya sani. Alamar da ta rage masa ita ce 'yar rawar hannu da maganin yake sa shi, wadda mutane suka ɗauka ta shekaru ce. Ya taɓa yi mini bayanin sana'arsa yana jiran allura. Ya ce, "Malam Nasiru, ni ba ni da saniya ko ɗaya a karar nan. Bafatake ya taho daga Nijar bai san mai saye ba, mai saye bai san shi ba. Ni suka sani. In na ce sa lafiyayye ne, ba na sata ba ne, shi ke nan an sallama. Bakina shi ne jarina."

Shekarar da ta fi mana muni ita ce wadda 'yan fim suka zo. Wani kamfani ne daga Kano yake shirya fim a kan asibitin masu taɓin hankali, labarin likita da nas da ba sa jituwa, majinyata suna shan wahala a tsakani. Suna son wuri na gaske, kuma sun samo izini daga sama kafin mu ji labari. Duk da haka aka tara mu a ji ra'ayinmu. Malam Idi, mai ɗakin magani, shi ya fi kowa murna.

"Sista, fenti za su yi mana fa, har da gyaran rumfa. Tun yaushe muke roƙon a toshe yoyon nan?"

"Fentin za ka yi wa allura in mutane sun gudu?" in ji Sista Hajara.

"Haba, ai wayar da kai ne. Jama'a su ga mu ma asibiti ne kamar kowane."

Ta juyo gare ni. Na ce a ganina kowannensu yana da gaskiya ta wani ɓangare, sai dai a yi a hankali. Ta ce, "Kai Nasiru, ko gobara ake yi sai ka ce a tsaya a ji ta bakin wuta." Aka yi dariya. A ƙarshe aka tsayar da sharuɗɗa: ba za su yi ɗauka ba sai ranakun da babu majinyata, ba za a nuna fuskar kowa ba, kuma za a rufe allon ƙofa. Daraktan ya amince da komai, kuma in faɗi gaskiya, bai karya alkawarin fuska ba har suka gama.

Abin da bai iya riƙewa ba shi ne lokaci. Janareta ya lalace musu, wata 'yar wasa ta makara a hanya, aiki ya zarce har ranar da likita yake zuwa. Da safe majinyata suka tarar da mota a ƙofa, wayoyi a ƙasa, fitilu a kan ƙarafa. An ce ba za a kunna kyamara ba sai bayan azahar, amma wanda ya taho a ɓoye ba ya tsayawa jin wannan bayani. Na ga wata mata da mijinta sun iso a babur, ya hango motar, ya juya ko sauka ba su yi ba. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska ta ƙi buɗewa har a gaban likita. Wani saurayi kuma ya kafe sai an sa shi a fim, da aka hana shi ya ce mun haɗa baki da su. Ana cikin haka layin magani ya tsaya, domin Malam Idi yana can bayan ɗaki ana gwada masa farar riga, an ba shi fitowa ɗaya a matsayin likita. Sista Hajara ta je da kanta ta tsaya a kansa. Ban ji abin da ta faɗa ba, na dai ga ya dawo tagarsa da rigar a hannu.

Jarumin fim ɗin, Jafaru, yana ƙarƙashin darbejiya yana gwaji. An sa masa tsumma, an zuba masa toka a ka, an rataya masa gwangwanaye a wuya, yana dariya shi kaɗai yana jifan iska. Mutanen da ke rumfa suka sunkuyar da kai. Alhaji Ilu ne kawai yake kallonsa. Can ya ɗaga hannu.

"Samari, zo nan. Wa kake kwaikwayo?"

Jafaru ya taho ya rusuna. "Mahaukaci ne, Baba. A fim."

"To duba rumfar nan da kyau. Wa ka gani da gwangwani?"

Jafaru ya duba rumfar. Sannan ya ce, "Baba, ku wa kuka kawo?"

"Kaina na kawo."

Yaron kirki ne, wannan ba ni da shakka a kai. Nan take ya cire gwangwanayen, ya je ya wanke kansa a bakin tulu, ya dawo ya zauna a ƙasa. Alhaji Ilu ya nuna masa yadda hannu yake rawa in yana ajiye a cinya, ya daina in an ɗauki kofi. Ya nuna masa yadda mutum yake lasar leɓe don bushewar baki, da yadda yake jinkirta amsa don ya tabbatar wanda ke gabansa ne ya yi magana. Ya gaya masa cewa ranar da mutum zai zo asibiti ita ce ranar da yake sa rigarsa mafi kyau. Jafaru ya roƙi darakta aka sauya kayan wasan gaba ɗaya, aka ba shi farar riga da hula. Daga nan har suka tattara, Alhaji kan biyo da yamma in ya taso daga wata kasuwa, su zauna a bayan ɗakin allura.

Sista Hajara ta ja shi gefe a gabana. Ta ce, "Alhaji, waɗannan mutanen sana'arsu nunawa ce. Ka yi hattara."

Ya ce, "Hajiya, za su nuna mu ko muna so ko ba ma so. Gara a nuna mu da hula."

An gaya wa 'yan fim dokar kyamara, an maimaita musu. Dokar gaisuwa kuwa tamu ce ta ma'aikata, ba a rubuce take ba, kuma ba na jin ya faɗo wa kowa a rai cewa baƙi ma suna bukatarta.

Ana gab da babbar sallah na je Mai'adua ranar kasuwa neman ragon layya. Na ratsa ta kara na hango Alhaji Ilu a tsakiyar ciniki, ya riƙe hannun wani bafatake da hannun wani mai lodin shanu zuwa kudu, yana jan wannan yana lallashin wancan. Muka haɗa ido, na wuce kamar kullum. Na sayi ragona ina riƙe da igiya sai na ji kasuwa ta ɗau ihu. 'Yan fim ne suka zo ɗaukar hoton kasuwa, jama'a sun gane Jafaru sun biyo shi, kowa da waya a sama. Shi kuma ya hango Alhaji. Ya ratsa mutane da sauri, ya cire takalmi, ya durƙusa a cikin kashin shanu.

"Baba Alhaji! Ashe nan kake! Ya jiki? Ya ƙarfin jiki? An samu yin allurar wannan watan?"

Alhaji Ilu ya ce, "Lafiya lau, samari. Tashi, tashi."

Bai tashi ba. Ya juya ga jama'a, fuskarsa cike da murna, kamar ɗalibin da ya ga malaminsa a bainar mutane. "Jama'a, ku shaida, wannan malamina ne. Duk abin da za ku gani na yi a sabon fim ɗinmu, shi ya koya mini, a asibitinsu. Wallahi ban taɓa ganin mai haƙuri da ciwo kamarsa ba."

Wani ya tambaya daga baya, "Wane asibiti?" Jafaru ya faɗa.

Ba a yi hayaniya ba. Mai lodin shanun ne ya zare hannunsa a hankali, ya ce bari ya je ya dawo. Wani dillali da ke kusa da ni ya ce wa na gefensa, "Dama na daɗe ina kallon hannun nan." Ni kuwa ina tsaye da igiyar rago. In na matsa kusa, duk wanda yake shakka ya daina. Na ja ragona na fita ta wata hanya.

Abin da ya biyo baya a bakin ƙaninsa na ji, don haka ba zan rantse a kan kowane bayani ba. Wani da ya sayi sa ta hannun Alhaji tun kafin azumi, san ya mutu masa, ya taso ya ce cinikin bai ƙullu ba tunda wanda ya tsaya a kai ba shi da cikakken hankali. Shugabannin kara sun kore maganar, amma an riga an yi ta. Fataken da suka saba sauka a wurinsa suka fara sauka a wurin wasu. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Ana gaishe shi da kyau, har fiye da da, a wuce da shanu gaba.

Watan da ya biyo bai zo allura ba. Ya aiko ƙaninsa ya ce a gaya mana shi hawan jini yake zuwa aunawa, kuma ya sauka. Na fahimci lissafinsa, ko da yake ban yarda da shi ba: in an ga ya daina zuwa kuma yana nan lafiya, magana za ta mutu. Malam Idi ya ce mu ɗauki allurar mu bi shi gida. Sista Hajara ta ce duk unguwar sun san fuskokinmu, zuwanmu shi ne shaidar ƙarshe. Suka yi ta sa-in-sa har likita ya raba su. Na kira shi a waya, ya ɗauka, ya ji muryata, ya ce, "Bawan Allah, ka ɓata lamba." Jafaru ma da ya fahimci abin da ya faru ya dawo daga Kano, idonsa jawur, ya ce zai je gidan ya ba da haƙuri. Sista ta ce masa, "Ɗana, in kana ƙaunarsa, ka hau motarka ka koma."

Fim ɗin ya fito bayan 'yan watanni. An yaba shi, kuma a iya sanina ya cancanci yabo, domin ban taɓa ganin an nuna majinyatanmu da mutunci haka ba. Babu fuskar majinyaci ko ɗaya a ciki. Amma a teburin mai shayi, a tasha, a kara, ana kallonsa a waya ana cewa, "Kai, Alhaji Ilu sak! Dubi hular, dubi hannun." Da Jafaru ya yi wasan da gwangwanayensa, wataƙila da babu wanda zai tuna da kowa. A wannan shekarar mutanenmu na wajen Mai'adua da dama suka ɗauke ƙafa, wasu sun dawo daga baya, wasu har yau ban san inda suke ba. An yi mana fentin, an toshe yoyon. Sista Hajara da Malam Idi ba su sake wata magana da ta wuce ta aiki ba har ta yi ritaya.

Ciwon ya dawo wa Alhaji Ilu bayan damina. Ba zan bayyana yadda aka kawo shi ba. Likita ya tura shi babban asibiti, ya kwanta, ya samu sauƙi. Wasu abokan aiki sun ce da ma irin wannan ciwo yakan dawo ko da fim ko babu, kuma ba zan iya cewa ƙarya suke yi ba. Abin da nake gaya wa ɗalibai dai shi ne, duk wanda ya taka sashen nan, mai gyaran famfo ne ko baƙon likita, a zaunar da shi a gaya masa yadda ake yi in an haɗu a waje. Suna rubutawa, amma ban tabbata suna jin nauyinsa ba.

Da aka sallame shi ya dawo wurinmu karɓar allura. Ya rame, amma rigarsa fara tas. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi Sista, ya shiga bayan labule ya fito. Na ɗauki katinsa zan rubuta ranar dawowa, na fara lissafi da baki yadda nake yi wa 'yan kasuwa, ina tsallake ranar Mai'adua, ina tsallake ta Daura, ina tambayarsa ko yana zuwa kasuwar Babban Mutum a makon.

Ya ɗora hannunsa mai rawa a kan teburin.

"Malam Nasiru, kada ka wahalar da kanka. Sa kowace rana. Duk ina gida."